Waldar milimita 6 da ta ci rayuka 123: Me ya sa ƙarfe ke gajiya a teku, kuma ina ruwan Najeriya?

A watan Yunin 2025 majalisar dokokin ƙasar Norway ta kaɗa ƙuri'ar amincewa gwamnati ta biya diyya ga waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda suka rasu a hatsarin dandamalin Alexander Kielland, shekara 45 bayan aukuwarsa. Shi ne hatsari mafi muni a tarihin harkar man fetur ta ƙasar. Mutum 212 ne a kan dandamalin a ranar, 123 suka mutu, 89 suka tsira.

Kwamitin da gwamnati ta kafa ya bi sawun musibar har ya kai ga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6, wadda ba ta kai kaurin fensir ba. Daga jikinta wata tsaga ta taso, ta yi ta cin ƙarfe a ɓoye tsawon shekaru, har ranar da ƙafa guda ta dandamalin ta ɓalle.

Injiniyoyi na kiran wannan cuta gajiyar ƙarfe. Batun ya wuce tarihin Norway, domin a yanzu haka akwai dubban dandamalin mai a tekunan duniya, ciki har da gaɓar Najeriya, da ke tsaye a kan bututan ƙarfe da aka haɗa da walda, kuma da yawansu sun wuce shekarun da aka tsara musu tun farko.

Me ya faru a ranar 27 ga Maris, 1980?

Wani kamfanin Faransa mai suna CFEM ne ya ƙera Alexander Kielland a birnin Dunkirk, ya miƙa shi a 1976. Dandamali ne mai yawo a kan ruwa, yana da manyan ƙafafu biyar, an ɗaure su da juna da wasu bututan ƙarfe da ke aikin tokara. An ƙera shi ne don haƙar mai, amma sai aka mayar da shi masaukin ma'aikata. Kamfanin Stavanger Drilling ne ke da shi, kamfanin Phillips Petroleum na Amurka kuma ya ɗauke shi haya a yankin rijiyoyin Ekofisk da ke Tekun Arewa.

Da misalin ƙarfe shida da rabi na yamma, ana cikin iska da ruwan sama, ma'aikata da dama suna ɗakin cin abinci da ɗakin kallon fim, sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi. Bututun tokara da ake kira D-6 ne ya karye. Nauyin da yake ɗauke da shi ya koma kan sauran bututai biyar da ke riƙe da wannan ƙafa, su ma suka karye ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar ta rabu da dandamalin, ya karkace da kimanin digiri 30.

Wayar anka guda ta riƙe shi na kusan minti 20, sannan ita ma ta tsinke, ya kife. Akwai jiragen ceto bakwai, amma yawancinsu ba su yi amfani ba. An tsara ƙugiyoyinsu ne ta yadda ba za su saki jirgi ba matuƙar akwai nauyi a jikin igiya, don haka wasu suka maƙale, igiyar ruwa ta yi ta buga su da jikin dandamalin.

Ta yaya ƙarfe ke gajiya?

Duk wanda ya taɓa son yanke waya babu filaya a hannu ya san dabarar. Ba a iya tsinka ta da ja, amma idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri guda, sai ta yi zafi ta karye. Babu lanƙwasa ɗaya da ta isa ta karya ta. Maimaitawar ce ke kashe ta.

Haka ƙarfen gini yake. Nauyin da bai kai rabin abin da ƙarfe zai iya ɗauka ba, idan ana ɗora shi ana saukewa sau miliyoyi, yana buɗe wata 'yar tsaga da ido ba ya gani. Kowane zagaye na ƙara mata tsawo kaɗan. Ƙarfen ba ya lanƙwashewa, ba ya sauya kama, ba ya ba da wata alama. Ranar da ragowar lafiyayyen ƙarfen ya gaza ɗaukar nauyin, sai ya karye farat ɗaya.

Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, shi ya fara auna wannan da tsari a shekarun 1850 zuwa 1860, lokacin da sandunan da ke riƙe ƙafafun jiragen ƙasa suka riƙa karyewa babu dalili bayyananne. Ya nuna cewa abin dubawa shi ne tazarar hawa da saukar matsin da ke kan ƙarfe, da kuma yawan maimaituwarsa. Jadawalin da ya samo asali daga aikinsa shi ake amfani da shi har yau.

A teku, igiyar ruwa ce ke yin lanƙwasar. Idan igiya ɗaya na wucewa duk bayan daƙiƙa shida, dandamali zai sha bugu sama da sau miliyan 5 a shekara. Cikin shekara 20 ya haura miliyan 100. Shi ya sa a wajen injiniya, shekarun dandamali ba a kalanda kaɗai ake ƙirga su ba, har da yawan igiyoyin da suka ratsa shi da kuma girmansu.

Me ya sa a mahaɗa ake karyewa?

Mai sayar da yadi ba ya wahalar da kansa wajen yanka. Yana ɗan ɓantare bakin yadin da almakashi, ya ja, sai ya kece ɗoɗar. Yadin da ƙato ba zai iya yagawa ba, yaro ma zai keta shi idan an yi masa wannan 'yar tsaga, saboda duk ƙarfin jan ya taru a bakinta.

Wannan shi ne taruwar matsi. Nauyi yana bin jikin ƙarfe kamar yadda ruwa ke bin kwari. Inda hanya ta miƙe, yana bazuwa daidai. Inda ya ci karo da huda ko kusurwa ko sauyin kauri, sai ya cunkushe a gefen wurin. A 1898 wani Bajamushe, Ernst Kirsch, ya tabbatar da lissafi cewa idan aka yi 'yar huda zagayayya a faffaɗan farantin ƙarfe aka ja shi, matsin da ke bakin hudar ya ninka na sauran jikin sau uku. Idan hudar na da kusurwa mai kaifi, ninkin ya fi haka nesa.

Birtaniya ta koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jiragen sama biyu samfurin Comet suka tarwatse a sararin samaniya cikin wata uku. Da aka saka gangar jikin wani jirgin a katafaren tankin ruwa aka yi ta hura ta ana sassautawa, sai tsaga ta fito daga kusurwar wata taga.

Bututun ƙarfe na da farin jini a ginin teku saboda dalilai masu kyau. Ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska, ruwa na zagaye shi cikin sauƙi, ba shi da lungunan da tsatsa ke maƙalewa, kuma idan an toshe bakinsa yana yawo a kan ruwa, abin da ke sauƙaƙa jigilarsa. Rauninsa na wurin haɗi.

A kowace mahaɗa akwai babban bututu da kuma ƙarami ɗaya ko fiye da aka yanke bakinsu aka zaunar a kan bayansa, kamar sirdi a kan doki, aka zagaye da walda. Ana sanya wa mahaɗun suna da harafin da suka yi kama da shi: T, Y, K da X. Ƙaramin bututun na da ƙarfi sosai idan ana tura shi ko jan sa ta tsawonsa. Shi kuwa babban, ta gefe ake danna shi, inda cikinsa fanko ne. Sai bangonsa ya riƙa lotsawa yana dawowa, kamar gwangwanin da ake latsawa da yatsa.

Wannan lotsawar ba ta rabuwa daidai a kewayen waldar. Akwai 'yan wurare, galibi a gefen sirdin ko a tsakiyar bayansa, inda matsin ke ninka na jikin bututun sau biyar, sau goma, a wasu mahaɗun ma har sama da sau 20. Nan ce makasar mahaɗar. Kuma a daidai wurin ne bakin walda yake, inda dama akwai ƙananan lahani da ba a rasawa, da ragowar matsin da ƙarfe ke riƙewa bayan ya yi zafi ya huce.

Lissafin da ba ya yafe kuskure

Ga ƙarfen da aka yi wa walda, gwaje-gwaje sun nuna wata ƙa'ida mai tsauri. Idan matsin da ke hawa da sauka ya ninka sau biyu, tsawon ran mahaɗar ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Mahaɗar da aka yi wa lissafin shekara 40 sai ta koma ta shekara biyar.

Kuskuren kashi 26 cikin 100 kacal wajen ƙiyasta ninkin matsi ya isa ya raba ran mahaɗa biyu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, rage matsin da kashi 20 cikin 100 na kusan ninka ranta. Wannan ne ya sa aka kashe maƙudan kuɗi a Turai da Amurka da Japan a shekarun 1970 da 1980 ana gwada manyan mahaɗu a ɗakunan bincike har sai sun tsage.

A yau mai zane yana bin matakai sanannu. Yana tattara bayanan igiyoyin ruwan yankin na shekaru. Yana lissafa nauyin da kowane girman igiya ke ɗora wa kowane bututu. Yana ninka shi da adadin taruwar matsi na wannan mahaɗa, ko dai ta hanyar ƙa'idojin lissafi irin waɗanda Efthymiou ya wallafa a 1988, ko ta zana mahaɗar a kwamfuta. Sannan ya tara ɓarnar da kowane rukunin igiya ke yi, bisa ƙa'idar da Miner ya fitar a 1945, wadda ke ɗaukar ran ƙarfe tamkar kuɗi a asusu: kowace igiya na cirar nata, ƙarama kaɗan, babba da yawa, kuma babu mai mayarwa.

Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, irin su API RP 2A na Amurka da ISO 19902 da DNV-RP-C203 na Norway, sun ƙara wani sharaɗi. Mahaɗar da karyewarta za ta jawo babbar asara, kuma ba a iya zuwa a duba ta, dole a tsara ta da rai mai ninki har goma na shekarun da ake so ta yi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne sayen ƙarfe mai tsada ba ya magance matsalar. Da zarar an yi walda, ƙarfe mai ƙarfin gaske da matsakaici kusan tafiyarsu ɗaya wajen gajiya, domin siffar mahaɗar da ingancin waldar ne ke hukunci. Maganin yana wajen ƙara kaurin babban bututu a daidai mahaɗa, da goge bakin walda ya yi sumul, da guje wa liƙa tarkace a jikin bututun da ke ɗauke da nauyi. Ruwan gishiri kuma na hanzarta tsagewa, shi ya sa ake manna dunƙulen alminiyom a jikin ƙafafun, tsatsa ta ci su a maimakon ƙarfen.

Abin da aka raina

A nan ne labarin Kielland ya fi ciwo. Tsagar ba daga wata babbar mahaɗa ta taso ba. An huda jikin bututun D-6 ne aka zura wani guntun bututu da zai riƙe na'urar sauraren sauti a ƙarƙashin ruwa, wadda ke taimaka wa dandamalin sanin matsayinsa. Tunda wannan guntu ba ya ɗaukar nauyin gini, sai aka ɗauke shi a matsayin kayan ƙari, aka liƙa shi da ƙaramar walda, ba a ba shi kulawar da ake ba manyan mahaɗu ba.

Amma matsi bai san kayan ƙari ba. Shi dai ya ga huda a hanyarsa, ya taru a bakinta.

Rahoton kwamitin binciken, wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa waldar ba ta da inganci, kuma an samu fenti a cikin wani sashe na tsagar. Ma'ana, ta riga ta buɗe tun dandamalin na ma'aikatar da aka ƙera shi, kafin ya taɓa shiga teku. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan igiyar ruwa ta karɓi aiki, tsagar ta riƙa zagaya bututun har ta cinye mafi yawan kewayensa.

Binciken ya gano gazawa uku da suka haɗu. Ba a yi lissafin gajiyar ƙarfe yadda ya kamata ba a lokacin zane. Duban da ake yi wa dandamalin bai gano tsagar ba. Sannan tsarin ginin ba shi da madadin hanya, karyewar bututu ɗaya ta isa ta rusa komai. Bayan hatsarin, Norway ta shigar da sharaɗi a dokokinta cewa dole gini ya iya tsayawa ko da wani sashe nasa ya lalace, aka sauya tsarin ƙugiyoyin jiragen ceto, aka kuma tsaurara batun rigunan kariya daga sanyin ruwa.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira da iyalan mamatan sun shafe shekaru suna neman a sake bincike, musamman bayan an nutsar da dandamalin a 1983. A 2021 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce bai ga dalilin sabon bincike ba, amma ya soki hukumomi kan rashin bin diddigin alhakin kamfanonin da abin ya shafa da kuma watsi da waɗanda suka tsira. Majalisa ta nemi afuwa a shekarar, diyya kuma ta biyo baya.

Ina ruwan Najeriya?

Najeriya ta fara haƙo mai a cikin teku a 1965, a rijiyoyin Okan da ke kusa da Escravos, a hannun kamfanin Gulf Oil wanda daga baya ya koma Chevron. Kamfanin Mobil ya bi sahu a 1970 a gaɓar da ke jihar Akwa Ibom ta yanzu. Dandamalin da ke ruwa marar zurfi yawancinsu kafaffu ne, an kafa su a kan ƙafafun bututun ƙarfe masu mahaɗu da yawa. Irin waɗannan gine-gine akan tsara su ne na shekara 20 zuwa 30, kuma na farko-farkon an zana su tun kafin a san mafi yawan abin da aka sani yau game da gajiyar mahaɗa.

Tekun Guinea ba shi da muguwar guguwa irin ta Tekun Arewa, wannan sauƙi ne. Amma yana da dogayen igiyoyi da ke tasowa daga kudancin Atlantika suna bugun gaɓar kusan duk shekara. Gajiya kuwa ba ta buƙatar guguwa, yau da gobe take buƙata. Ga kuma halittun ruwa da ke manne wa bututai suna ƙara musu kauri, wanda ke ƙara ƙarfin bugun da suke sha, ya kuma rufe waldar daga idon mai dubawa.

Abin da ya sa batun ya zama na yanzu shi ne sauyin hannu. Manyan kamfanonin waje na janyewa daga tudu da ruwa marar zurfi. Oando ya karɓi kadarorin Agip a watan Agustan 2024. Seplat ya kammala sayen Mobil Producing Nigeria a Disambar 2024, cinikin da ExxonMobil ya ce ya ƙunshi dandamali sama da 90 da rijiyoyi kusan 300. Rukunin Renaissance ya karɓi kamfanin SPDC daga Shell a Maris ɗin 2025.

Komawar waɗannan kadarori hannun 'yan ƙasa ci gaba ne, kuma tsufa kaɗai ba hujja ba ce cewa gini ya lalace. Ana tsawaita ran dandamali a ko'ina a duniya, cikin aminci, idan an bi ƙa'ida. Sai dai wanda ya sayi tsohon dandamali ya sayi asusun gajiyarsa, da duk abin da aka riga aka cira a ciki. Sabon fenti da sabon suna ba sa mayar da ƙirgen igiyoyi baya.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Ta farko ita ce takardu. Shin zanen asali, da bayanan walda, da rahotannin duba na shekarun baya sun bi kadarar zuwa hannun sabon mai ita? Duk wani abu da aka ƙara liƙawa a jikin ƙafafun cikin shekara 40, matsayar jirgi ce ko maƙalar bututu, yana rubuce? Darasin Kielland ke nan: abin da ba a lissafa ba shi ke kisa.

Ta biyu ita ce duba ƙarƙashin ruwa. Aiki ne mai tsada. Sai masu nutso ko na'urori marasa matuƙi sun kankare jikin mahaɗa, a gwada ta da maganaɗisu ko sauti, a kuma auna ko ruwa ya shiga bututun da ya kamata a ce a bushe yake, alamar tsaga ta huda shi. Aiki ne da ba ya ƙara ko ganga ɗaya a yau, don haka shi ne mafi sauƙin ɗagewa idan kamfani na fama da bashi ko farashin mai ya faɗi.

Ta uku ita ce hukuma. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NUPRC don sa ido kan haƙar mai, ta kuma wajabta wa kamfanoni ware asusun rufe rijiyoyi da kwashe kayan aikin da suka gama amfani. Gwamnati na son a ƙara yawan man da ake haƙowa, saboda da kuɗinsa ake cika asusun da ake raba wa tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 duk wata. Hukumar da ake matsa wa ta ƙara ganguna, ita ce kuma za ta iya cewa a dakatar da dandamali har sai an gyara wata mahaɗa. Ko tana da ƙwararru da ƙarfin halin yin hakan, shi ne ma'aunin.

Norway, duk da arzikinta da tsauraran dokokinta, sai da ta binne ma'aikata kafin ta gyara, sannan ta ɗauki shekara 45 kafin ta amince da biyan iyalansu. Najeriya na da damar da Norway ba ta samu ba a 1980: an riga an san cutar, an san inda take ɓuya, an san yadda ake gano ta. Abin da ya rage shi ne a tura mai nutso ya duba, kuma a saurari abin da ya gani.